Gudummawar Cibiyoyin Nazari na 'Yan Neman Sauyi ga Gwagwarmayar Siyasa a Ƙasar Hausa



GABATARWA

A watan Oktoba na 1979, sababbin gwamnonin jihohin Kano da Kaduna, Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi da Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa, suka ba da sanarwar soke haraji da jangali. Dattawan da ke Yalwa da Rurum da Saji a ƙasar Rano, da na Kibiya da Tarai, ba su bukatar a gaya musu nauyin wannan al'amari, domin sun san lokacin da magidanci kan sayar da akuyarsa, ko ya taɓa rumbu tun kaka ba ta yi nisa ba, ko ya tsere ci-rani, duk don ya sami takardar haraji. A kunnen mai sauraron rediyo, abin ya zo kamar a dare ɗaya. Amma wanda ya bi tarihi ya san cewa an shafe shekara talatin da wani abu ana rubutu da muhawara da shan ɗauri a kan wannan magana kafin ta zama doka.

Manufar wannan lacca ita ce a duba mutanen da kan yi wannan aiki na share fage, wato masu zama su bincika, su rubuta, su kafa hujja, sa'an nan su miƙa wa 'yan siyasa. Za mu fara da ma'ana, mu leƙa ƙasashen waje kaɗan, mu dawo gida mu bi sawu daga Bauchi zuwa Kano da Zariya, daga bisani mu auna abin da muka gani da halin da talakan kudancin Kano ke ciki.

MA'ANAR KALMOMI

Abin da nake nufi da cibiyar nazari shi ne taron masu ilmi waɗanda suka ɗauki binciken al'amuran mulki da tattalin arziki a matsayin aikinsu, da niyyar su fito da shawara kuma su tsaya sai an yi aiki da ita. Ta bambanta da jami'a, domin jami'a kan nemi ilmi ko da ba za a yi amfani da shi yau ba. Ta kuma bambanta da jam'iyya, domin jam'iyya ƙuri'a take nema, ita kuwa cibiya hujja take nema. Tsakanin waɗannan biyu take zaune: tana ɗebo ilmi daga ɗaya tana kai wa ɗaya. Ba lalle ne ta mallaki ofis da allo a ƙofa ba. Kamar yadda za mu gani, wasu daga cikin waɗanda suka fi tasiri a ƙasarmu a ɗakin karatu ko a zauren wani malami suka yi rayuwarsu.

Su kuwa 'yan neman sauyi, su ne masu ganin cewa talauci da jahilci da zalunci sakamakon tsari ne da mutane suka shimfiɗa, saboda haka mutane na iya gyara shi. Kishiyarsu su ne masu ra'ayin riƙau, waɗanda ke ganin abin da aka gada ya fi aminci, kuma gaggawar sauya shi na iya jawo ɓarna. Ya kamata a lura cewa kowane ɓangare yana da masanansa da cibiyoyinsa. Zancenmu a yau ya fi karkata ga na farko ne kawai don shi aka ba mu.

DARASI DAGA ƘASASHEN WAJE

Misalin da ya fi shahara shi ne Ƙungiyar Fabian, wadda aka kafa a Landan a 1884. 'Yan wannan ƙungiya, irin su Sidney Webb da matarsa Beatrice da marubucin nan Bernard Shaw, ba su yarda da juyin juya hali na zubar da jini ba. Dabararsu ita ce tattara alƙaluma a kan albashi da gidaje da lafiyar ma'aikata, su buga a ƙananan littattafai masu araha, su yi ta cusa ra'ayinsu ga ma'aikatan gwamnati da wakilan majalisa. Su ne suka kafa Makarantar Tattalin Arziki ta Landan a 1895, kuma suna cikin waɗanda suka haɗu a 1900 aka aza harsashin jam'iyyar Leba.

Akwai wani abu a tarihinsu da nake so a riƙe, don za mu sake cin karo da irinsa. A 1909, hukumar da aka naɗa don duba dokar kula da matalauta a Ingila ta miƙa rahotonta. Beatrice Webb da wasu 'yan tsiraru suka ƙi sa hannu, suka rubuta nasu rahoton dabam, inda suka ce wajibi ne gwamnati ta ɗauki nauyin lafiya da ilmi da tallafin marasa aiki. Gwamnati ta yi biris da shi. Amma wani saurayi da ya taimaka musu wajen bincike, William Beveridge, shi ne ya rubuta rahoton 1942 wanda a kansa aka gina tsarin kiwon lafiya na kyauta a 1948. Ke nan shawarar ta yi kusan shekara arba'in a ajiye kafin ta sami masu aiwatar da ita.

Wannan ƙungiya ta shafe mu kai tsaye. A 1940 ta buɗe sashen nazarin ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkin mallaka, kuma shugaban sashen, Arthur Creech Jones, shi ne ya zama Ministan Ƙasashen Mallaka a 1946, shekarar da Malam Aminu Kano ya tafi Landan karatun koyarwa.

Masu ra'ayin riƙau su ma sun koyi wannan dabara, har sun ƙware. Cibiyar Harkokin Tattalin Arziki da aka kafa a Landan a 1955, da Gidauniyar Heritage da aka kafa a Amurka a 1973, su ne suka yi shekaru suna wa'azin sayar da kamfanonin gwamnati da janye tallafi, har aka sami Thatcher a 1979 da Reagan a 1981 suka mai da wa'azin doka. Guguwar ta iso mu a 1986 da sunan SAP. Saboda haka duk wanda ya ce zaman masana a ɗaki ba ya shafar farashin taki a kasuwar Rano, bai bi zaren labarin har ƙarshe ba.

TUSHEN ABIN A GIDA

Kada a ɗauka cewa Turawa ne suka koya mana haɗa ilmi da gyaran mulki. A ƙarni na 15, Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa littafi a kan wajiban sarki. A ƙarshen ƙarni na 18, Ɗegel ta zama matattarar malamai masu nazarin halin da ƙasar Hausa ke ciki. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya jera miyagun al'adun masu mulki, har da jangali da ƙwacen dukiyar talakawa. Ƙanensa Malam Abdullahi ya rubuta Liya'ul Hukkami a nan Kano, bisa roƙon mutanen Kano da suka nemi ya bayyana musu yadda ake gudanar da mulki bisa shari'a.

Abin lura a nan shi ne rabon aiki tsakanin harsuna. Da Larabci suka kafa hujja don malamai, amma da Fulatanci da Hausa suka yi waƙoƙi don makiyayi da manomi da matan cikin gida, aikin da Nana Asma'u ta ci gaba da shi ta hanyar 'yan taru. Bincike, da harshen jama'a, da ƙungiya: waɗannan su ne duwatsun murhu uku da tukunyar gyara ke zama a kai, kuma da su za mu auna duk waɗanda suka biyo baya.

DAGA BAUCHI ZUWA NEPU

A zamanin Turawa, hani ne ma'aikacin En'e ya yi siyasa, kuma kusan duk ɗan bokon Arewa ma'aikacin En'e ne ko na gwamnati. Don haka tunanin siyasa ya fake a ƙungiyoyin muhawara. Wanda ya fi yin suna shi ne Taron Tattaunawa na Bauchi da aka fara a 1943, inda Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa kan zauna tare da ma'aikatan En'e da Turawan mulki. Hukuma ta yarda da taron da farko, bisa zaton za a tsaya ga zancen tsabta da noma. Da tambayoyi suka kai ga mulkin En'e da kansa, da yadda ake yanka albashin sarakuna, sai aka rufe shi.

An rufe ɗaki, amma tambayoyin sun riga sun fita. A 1948 aka kafa Ƙungiyar Malaman Makarantu ta Arewa, a 1949 aka yi taron kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a Kaduna, a matsayin ƙungiyar al'adu. Shekarar 1950 kuwa, cikin watan Agusta, abubuwa biyu suka faru waɗanda ke nuna hanyoyi biyu da masani kan bi. Tafawa Ɓalewa ya miƙe a Majalisar Wakilai ta Arewa ya kawo ƙudurin a binciki tsarin En'e a gyara shi. Wannan ita ce hanyar gyara daga ciki, kuma ta kai ga dokar En'e ta 1954. A ranar 8 ga watan kuma wasu samari takwas, cikinsu akwai Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Mudi Sipikin da Magaji Ɗambatta, suka kafa NEPU a Kano. Wannan ita ce hanyar matsa lamba daga waje.

NEPU jam'iyya ce, amma rabin aikinta na makaranta ne. Abin da Sa'adu Zungur da Aminu Kano suka yi shi ne su ɗauki ƙorafin da talaka ya daɗe yana yi a ɓoye, su ba shi suna, su kafa masa hujja daga Alƙur'ani da littattafan masu jihadi da kuma dokar Turawan da kanta. Aikin tilas a gonar hakimi, kuɗin da ake ɗorawa a kan haraji ba tare da rasit ba, ɗauri ba tare da damar ɗaukaka ƙara ba: kowanne sai da aka fayyace wa mutane inda ya saɓa wa shari'a da inda ya saɓa wa doka. Aka zuba wannan ilmi cikin waƙa da lacca a bakin kasuwa, yadda wanda bai taɓa shiga aji ba zai iya tsayawa gaban dagaci ya ce a ba shi takarda.

In da kujeru za a auna NEPU, to, ba ta yi nasara ba. A zaɓen 1951 ta yi rinjaye a matakan farko a Kano, amma tsarin zaɓe mai hawa-hawa, wanda ya ba En'e damar cusa mutanenta a matakin ƙarshe, ya hana ta kai labari. Ba ta taɓa kafa gwamnati ba har sojoji suka rushe jam'iyyu a 1966. Amma a duba jerin bukatunta. A ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. A 1976 aka yi gyaran ƙananan hukumomi, matan Arewa kuma suka fara jefa ƙuri'a, abin da Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri saboda shi. Waɗanda suka aiwatar da waɗannan abubuwa sojoji ne da manyan ma'aikata, ba 'yan NEPU ba. Sa'adu Zungur ya rasu tun 1958 bai ga ko ɗaya ba. Wannan shi ne darasi na farko: mai shuka ra'ayi ba safai yake cin amfaninsa ba, kuma sau da yawa abokin hamayyarsa ne ke girbewa.

MALAMAN JAMI'A DA GWAMNATOCIN PRP

Zango na biyu ya zo ne bayan an sami jami'o'i. A shekarun 1970, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta tara malamai masu nazarin tarihi da siyasa da tattalin arziki da idon talaka, kuma wanda ya fi fice cikinsu shi ne Dokta Yusufu Bala Usman na Sashen Tarihi. A 1975 Janar Murtala Muhammed ya naɗa kwamitin rubuta tsarin mulki mai mutum 49 ƙarƙashin Cif Rotimi Williams. Da aka gama aiki a 1976, Bala Usman da Dokta Segun Osoba suka ƙi amincewa da daftarin masu rinjaye, suka rubuta nasu. Babbar hujjarsu ita ce haƙƙin ilmi da lafiya da aikin yi bai kamata ya zama alkawarin baka ba, ya kamata ya zama haƙƙin da ɗan ƙasa zai iya nema a kotu. Gwamnati ta ƙi karɓar rahoton. Tsarin mulkin 1979, da na 1999 da ya gaje shi, sun jera waɗannan abubuwa a babi na biyu, amma sun hana kotu tilasta wa gwamnati cika su. Sai a 2019 aka buga rahoton 'yan tsirarun a matsayin littafi. Mai sauraro zai tuna da rahoton 1909 na Ingila. Bambancin shi ne nasu ya sami magada a cikin gwamnati, namu har yanzu yana jira.

Da aka kafa PRP a 1978, ta kuma ci Kano da Kaduna a 1979, sai masana suka sami abin da magabatansu ba su samu ba, wato mulki. Bala Usman ya zama Sakataren Gwamnatin Jihar Kaduna. Dokta Bala Muhammad na Jami'ar Bayero ya zama mai ba Gwamna Rimi shawara kan siyasa. Cikin ɗan lokaci aka soke haraji da jangali, Kaduna ta kafa hukumar binciken filaye don sauraron manoman da aka ƙwace wa gonaki, Kano ta kafa hukumar yaƙi da jahilci a 1980, ta kafa jaridar Triumph, ta kuma fara ba da hutun ranar ma'aikata.

Sai dai ba a yi nisa ba tukunyar ta fara tangaɗi. Jam'iyyar ta rabu gida biyu, 'yan Santsi masu bin gwamnoni da 'yan Taɓo masu bin Malam Aminu, kuma yawancin malaman jami'a suka bi gwamnoni. Majalisar Kaduna, wadda NPN ke da rinjaye a cikinta, ta ƙi amincewa da kwamishinonin Balarabe Musa, daga baya ta tsige shi a watan Yuni na 1981. A Kano kuwa, takardar tuhuma da gwamnati ta aika wa Mai Martaba Sarki Alhaji Ado Bayero ta jawo tarzomar ranar 10 ga Yuli, 1981, inda aka ƙona gine-ginen gwamnati, aka kashe Dokta Bala Muhammad a gidansa. Allah ya jiƙansa. Malam Aminu ya rasu a watan Afrilu na 1983, sojoji suka dawo a ƙarshen shekarar.

Darasi na biyu yana da ɗaci. Masanin da ya shiga gwamnati yana samun ikon aiwatarwa, amma yana rasa 'yancin faɗa wa gwamnatin gaskiya a bainar jama'a, kuma rigimar jam'iyya takan cinye lokacin da ya kamata ya yi bincike. Akwai kuma tambayar da zafin lokacin bai bari an tsaya a kanta ba. Soke haraji adalci ne, babu shakka, domin haraji ne da ke faɗa wa mai akuya ɗaya kamar yadda yake faɗa wa mai garke. Amma da me za a maye gurbinsa? Amsar da aka samu ita ce kason man fetur daga tarayya. Tun daga nan ƙaramar hukuma ta daina dogara da aljihun talaka, shi ma talaka ya rage tambayar inda kuɗi suka tafi, tun da ba daga hannunsa aka karɓa ba. An sauke masa kaya, amma igiyar da yake jan hukuma da ita ta yi sako-sako.

BAYAN 1983

A zamanin soja aikin ya koma mujallu da ƙungiyoyi. Ƙungiyar Mata a Nijeriya, WIN, ta samo asali daga wani taro da aka yi a Zariya a 1982. Lokacin muhawarar bashin IMF a 1985, malaman jami'a da ƙungiyar ƙwadago sun kafa hujjoji har gwamnatin Babangida ta ce ta fasa karɓar bashin, amma a 1986 ta kawo sharuɗɗan nasa ƙarƙashin SAP. Wato an ci muhawara, an faɗi a aiki, domin babu ƙungiyar siyasa da za ta tsare nasarar. A wannan zamani ne aka riƙa buga mujallar Analyst da 'yar'uwarta ta Hausa, Fitila.

Daga baya aka sami cibiyoyi masu ofis da rajista: CEDDERT a Hanwa ta Zariya, wadda Bala Usman ya jagoranta har rasuwarsa a 2005, CDD, wadda aka kafa a Landan a 1997 lokacin mulkin Abacha, da Gidan Mambayya a Gwammaja, gidan Malam Aminu, wanda ya zama cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero. Sun adana tarihi, sun horar da matasa, sun sa ido a kan zaɓe. Amma cibiyoyin wannan zamani, a ko'ina cikin Afirka, suna fuskantar haɗari biyu. Na ɗaya, mai dogara da tallafin ƙasashen waje yakan wayi gari yana binciken abin da mai ba da kuɗi ke so a bana, ko da ba shi ne ke ci wa jama'a tuwo a ƙwarya ba. Na biyu, rahoton da aka rubuta da Turanci, aka ƙaddamar a otal a Abuja, ba ya isa zauren mai unguwa. In muka koma ga duwatsunmu uku, bincike ya ƙaru, amma harshen jama'a da ƙungiya sun yi rauni.

MA'AUNI: ƘASAR RANO DA KIBIYA

Bari mu sauko da maganar ƙasa, mu ɗauki al'amura uku da suka shafi wannan yanki.

Na farko, ruwa. An gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, kuma ruwanta ke bi ta Ruwan Kanya ya shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure. Tun a ƙarshen shekarun 1970 masu bincike na Jami'ar Ahmadu Bello, irin su Tina Wallace, suka zauna a ƙauyukan aikin, suka nuna cewa amfanin noman rani ya fi tafiya ga mai jarin sayen taki da biyan 'yan ƙwadago, ƙaramin manomi kuwa sau da yawa yakan ba da gonarsa haya. Wasu kuma suka nuna yadda tare ruwan ya rage ambaliyar da manoma da masunta da makiyayan fadamun Haɗeja da Nguru ke dogara da ita. Ilmi ne sahihi, amma da Turanci yake, a kan kantocin laburare. Manomin da aka yi binciken a kansa bai taɓa jin sakamakonsa ba.

Na biyu, sarauta. Rano na cikin Hausa Bakwai. An ɗaga ta zuwa masarauta mai cin gashin kanta a zamanin Rimi, gwamnatin Sabo Bakin Zuwo ta soke a 1983, aka sake ɗagawa a 2019, aka soke a watan Mayu na 2024, sa'an nan aka maido da ita a daraja ta biyu a watan Yuli na wannan shekarar. Ba aikina ba ne in ce ga mai gaskiya. Abin da nake nunawa shi ne al'amari mai girma irin wannan yana juyawa duk lokacin da zaɓe ya juya. Aikin masana ne su ajiye wa jama'a ma'auni: me ya ƙaru, me ya ragu, wajen sulhun gona da burtali, da tsaro, da makarantu, da kuɗin da aka kashe, a ƙarƙashin kowane tsari.

Na uku, kuɗi. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Jihar Kano na da ƙananan hukumomi 44. Hukuncin kotu ba ya gina aji, ba ya sa magani a ɗakin shan magani. Sai an sami wanda zai ɗauki adadin da aka ce an turo wa Rano ko Kibiya a wata, ya ɗauki kasafin kuɗi, ya taka zuwa Yalwa ya ga ko rijiyar burtsatsen da aka rubuta tana nan, sa'an nan ya faɗi abin da ya gani da Hausa a rediyo. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba da ƙofar neman takardu. Wannan ita ce tambayar da soke haraji ya bari tun 1979, ta dawo tana neman amsa.

KAMMALAWA

Daga abin da ya gabata, ana iya fitar da sharuɗɗa huɗu. Na ɗaya, gaskiyar alƙaluma: cibiyar da ta murɗe lissafi don ta taimaki ɓangarenta ta kashe kanta, domin jarinta ke nan, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Na biyu, harshe: binciken da aka yi a kan Bahaushe, a mayar masa da shi da Hausa. A nan akwai aiki a kanmu, mu malaman Hausa da ɗalibanmu, na samar da kalmomin kasafi da doka da tattalin arziki waɗanda mutumin ƙauye zai ji ya gane. Na uku, kusanci da ƙungiyoyin manoma da 'yan kasuwa da malaman makaranta da mata, ba tare da an zama 'yan amshin shatan wata jam'iyya ba. Na huɗu, haƙuri, domin mun ga shawarar da ta yi shekara talatin ko arba'in kafin ta zama doka.

Ku ma'aikatan gwamnati, ku tuna cewa yawancin gyare-gyaren da muka ambata ta hannun irinku suka bi. Takardar da ke kan teburinku amanar jama'a ce, kuma mai bincike da ya zo nemanta bisa doka ba abokin gaba ba ne. Ku kuma ɗalibai, kowannenku zai rubuta kundin kammala digiri. Maimakon a yi ta maimaita abin da aka riga aka rubuta, mutum ya koma mazaɓarsa ya ƙidaya azuzuwa da malamai da yaran da ke zaune a ƙasa, ya bi farashin taki daga kamfani zuwa hannun manomi, ya zauna da dattawan da suka ga zamanin haraji ya rubuta abin da suka sani tun suna raye. Kundi ɗari irin wannan daga ƙananan hukumomin kudancin Kano, in aka tara su wuri ɗaya aka taƙaita su da Hausa, sun isa su zama cibiyar nazari. Waɗanda suka zauna a Bauchi a 1943 ba su da kayan aikin da kuke da su a yau; abin da suke da shi karatu ne, da tambaya, da ƙarfin halin yin ta a gaban mai iko.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya kuma ba mu ikon aiki da shi.